Inshorar Keken Autanmu

Ni mai gyaran keke ne a Dangora. Na fi shekara ashirin a ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin titi, ina faci, ina gyara birki, ina miƙe gargaren da ya lanƙwashe. Karatuna ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, amma a gidanmu wannan ya isa a kira mutum ɗan boko. Duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko ta taki, ni ake miƙo wa. Na saba a tambaye ni, na kuma saba ba da amsa ko da abin da na sani bai kai rabin abin da zan faɗa ba. Wannan hali nawa ne ya tsare ƙanena a ƙasar mutane, yau shekara ta uku ke nan.

Shi ne autan Innarmu. Mu biyu ne maza a ɗakinta, na girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma tun rasuwar Baba ni ne uba a wurinsa. Ni na koya masa hawan keke. Ni da Kawu, ƙanen Inna, muka je Bebeji muka nemo masa aure. Har ya yi gemu bai taɓa kiran sunana ba, sai Yaya. Mu kuma duk gidan Auta muke ce masa.

Damina biyu a jere masararsa ba ta yi ba, taki ya fi ƙarfinmu. Watansa bakwai da aure wani dillalin tafiye-tafiye a Kano ya samo masa aiki a wata ƙasar Larabawa. Aikin kai saƙo ne: wani kantin kayan masarufi ne, mutane su yi waya su faɗi abin da suke so, shi kuma ya ɗora a keke ya kai musu har ƙofar gida. Ranar da ya gaya mana na yi ta yi masa dariya, na ce ashe mutum zai hau jirgin sama ya tsallake teku don ya je ya hau keke. Inna ba ta yi dariya ba. Ta tambayi shekara nawa zai yi, ya ce biyu. Ta ce to, damina biyu ke nan, Allah ya ba ta ran gani.

Watansa biyu da tafiya, wata rana bayan azahar ina ɗaure wa wani mai rake sarƙar kekensa, sai saƙonsa ya shigo wayata. Hoton wata takarda ne, da muryarsa yana bayani. Ya ce mai kantin ya ce kowane ma'aikaci shi zai sayi kekensa, shi kuma zai yi masa inshora. Ya je ofishin, an nuna masa iri biyu. Ta farko, in aka sace keken ko ya lalace, kamfanin zai biya. Ta biyu, in ya buge mutum ko ya ɓata motar wani, kamfanin ne zai ɗauki nauyin. Ta biyun ta fi tsada, kuma duk wata ake biya. Ya ce akwai wani abokin aikinsa ɗan Sudan, dattijo mai jin Hausa, wanda ya shekara da yawa a ƙasar, ya ba shi shawara ya yi duka biyun, in kuma ɗaya zai iya to ya yi ta biyun. Ya ƙare da cewa shi dai bai sa hannu ba tukuna, yana jiran abin da zan ce.

Ba zan fake da cewa ban gane ba. Na gane sarai, domin yaron ya yi bayani yadda ko Inna za ta fahimta.

Abin da na sani game da keke shi ne sata. Na ga magidanta sun zo rumfata da kwaɗo a hannu, an yanke shi, keken ya tafi, suna tambaya ko wani ya kawo mini irinsa gyara. Na ga wanda ya daina zuwa gonarsa ta nesa saboda haka. Wannan ita ce asarar da na yarda da ita. Buge mutum kuwa ban ɗauke shi abin da ake yankar wa takarda ba, saboda ni da kaina na taɓa buge mutum, na kuma ga yadda aka ƙare.

Kafin in buɗe rumfa, ina saurayi, ina ɗauko masara daga wajen Burumburum zuwa kasuwar Tudun Wada. Birkin baya na kekena ya daɗe da mutuwa, na sani, da dugadugin silifa nake taka taya in zan tsaya. Wata safiya na sako gangare da buhu guda a kariyar bayan keken, sai ga wata dattijuwar Bafulatana ta fito daga hanyar jeji da ƙwaryar nono a ka. Na kaɗa ƙararrawa, ta juyo ta ɓangaren da na kauce. Na ɗauke ta gaba ɗaya. Ƙwaryar ta fashe, nono ya malale a titi, hannunta na dama ya karye a ƙasan gwiwa.

Washegari Kawu ya sa ni gaba zuwa rugarsu ta wajen Falgore. Muka tafi da goro, da sukari, da sabulu, da mai ɗori. Aka shimfiɗa mana tabarma. Kawu ya gaishe da mijinta, ya tambayi shanu, ya tambayi ciyawa, ya tambayi ruwa, ya tambayi yara, sai da na ƙosa kafin ya taɓo maganar. Ni kuma na durƙusa kaina a ƙasa kamar yadda ya koya mini a hanya. Mijin ya ce ƙaddara ce, ko tana cikin bukkarta in Allah ya rubuta sai ta karye, sun yafe duniya da lahira. Har fura aka dama mana. A kan wannan keken na koma gida.

Wannan labarin na ba Auta a waya ran nan, alhali ya riga ya san shi. Abin da ban gaya masa ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba, shi ne ban sake taka rugar nan ba. Bayan shekara uku na hango matar a kasuwar Tudun Wada. Hannun ya ɗoru a karkace, ya shanye, sai da wata 'yar'uwarta ta kama mata ta ɗora ƙwarya a ka. Na kau da fuska na shige layin 'yan shinkafa. Yafiyar nan da nake alfahari da ita, ni goro da sukari ta ci mini, ita kuwa hannu ta ci mata. Na san da wannan lokacin da nake ba ƙanena shawara. Na kuma san cewa kuɗin ta biyun daga abin da yake turowa gida za a cire, ni kuma a lokacin ina sa wa ɗakina kwano.

Na ce masa, "Auta, keke ne fa, ba tirela ba. Kuma ƙasar Musulmi kake. In tsautsayi ya faɗa, ka sami manya su raka ka, ka durƙusa ka ba da haƙuri, shi ke nan. Ka yi wa kekenka kawai, shi ɓarawo zai ɗauka."

Ya ce, "Yaya, mutumin nan fa ya ce nan ba haka ake yi ba."

Na ce, "Shi ya koya maka hawan keke ko ni?"

Ya yi dariya ya ce, "To, Yaya."

Washegari ya turo mini hoton takardar da sa hannunsa. Na nuna wa mutanen da ke zaune a bencin rumfata, ina cewa su ga ƙasar da har keke ake yi wa takarda.

Wata tara aka yi lafiya. Yana turo hotuna, ya yi ƙiba, ya sayi agogo. Matarsa tana zaune tare da Inna, suna ɗasawa. Sai wata Talata wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Ɗan Sudan ɗin nan ne. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, a hankali yake magana. Ya ce bayan la'asar Auta ya ɗauko katan-katan na ruwa a bayan keke, wani tsoho ya fito daga masallaci ya ratso tsakanin motoci biyu da aka ajiye. Auta ya taka birki, nauyin ruwan ya tura shi. Tsohon ya faɗi, ƙugunsa ya karye, kansa ya daki gefen titi. Ya ce yaron bai gudu ba, shi ya tallafe tsohon a cinyarsa har motar asibiti ta zo, daga nan 'yan sanda suka tafi da shi.

Na tambaye shi ko akwai manyan da za su raka shi gidan tsohon. Ya ce ba a nan maganar take ba. Ya ce da yaron ya yi inshora ta biyun, da yanzu kamfanin ne zai turo lauya, ya tsaya a kotu, ya biya abin da aka yanke, shi kuma ya koma bakin aikinsa. Bai ce mini ni na hana shi ba. Na tabbata ya sani.

Auta ya yi makonni a tsare kafin a ba da belinsa. Kotu ta yanke diyya: kuɗin asibiti, da na nakasa, domin tsohon bai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Ba zan rubuta adadin ba. Da muka mayar da shi naira, muka ga ko an sayar da gonakinmu biyu da gidan da rumfata ba za a kai kashi ɗaya cikin uku ba. Aka sa sunansa a cikin waɗanda ba za su fita daga ƙasar ba sai sun biya. Mai kantin ya sallame shi. Takardar zamansa ta ƙare, babu mai sabunta masa. Yanzu wankin mota yake yi a ɓoye, yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum tara. Keken kuwa yana harabar 'yan sanda lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya sace shi.

Na ɓoye wa Inna fiye da shekara. Da damina ta biyu ta wuce ta fara tambaya, na ce an ƙara masa wa'adi saboda ƙwazonsa. Da kuɗi suka daina zuwa, na ce canji ne ya lalace. Auta ma ya taya ni ƙaryar, in ya kira ta sai ya tsaya gaban wata mota mai kyau yana murmushi. Ni na roƙe shi ya yi hakan. Na ce don lafiyar Inna ne, tana da hawan jini. Gaskiya don kaina ne.

Da abin ya ishe ni na je na gaya wa Kawu hatsarin, ban gaya masa shawarar da na bayar ba. Kawu ya tsufa, idonsa ɗaya ya mutu, amma bai ga abin tashin hankali a ciki ba. Ya yi mini faɗan jinkiri, ya ce shekara guda ba a je dubiya ba, ai dole mutane su yi fushi. Ya ce a nemo lambar babban ɗan tsohon. Ya ce kuma dole a gaya wa Inna, domin roƙon uwa ya fi na kowa nauyi. Shi ya gaya mata, ina tsaye a bakin ƙofa.

Ɗan Sudan ɗin ya yi ƙoƙari ya samo lambar, ya kuma yarda zai fassara. Ranar da za a ɗauki saƙon Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hula, ya zauna a kan buzu a zaure, ni na riƙe wayar. Ya yi sallama, ya tambayi mai jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi zafin rana da ya ji ana yi a can, ya tambayi dabbobinsu in suna da su. Sa'an nan ya ce shi ne kawun yaron, da ƙafa za ta iya kai shi da ya zo da kansa, ga shi ya durƙusa. Ya kuwa durƙusa, da ƙyar na tashe shi. Inna ta sa hijabinta ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ta haifi wanda ya yi ɓarnar, yaro ne da bai taɓa ɗaga wa babba murya ba, tana roƙon tsohon don Allah ya dubi tsufanta kamar yadda take duban nasa.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Bidiyon tsohon ne a kan gado, siriri, da farin gemu, ɗansa yana riƙe masa waya. Ɗan Sudan ɗin ya fassara mana. Tsohon ya ce ya ga saƙon dattijo da na mahaifiya, ya gode. Ya ce yana tuna yaron, shi ya riƙe masa kai yana yi masa addu'a a kan titi. Ya ce ya yafe, haƙƙinsa na nakasa ya bar shi don Allah.

Inna ta yi sujada a tsakar gida. Ta sa aka share ɗakin Auta, matarsa ta wanke labule ta yi kitso. Kawu ya dube ni ya ce, ka gani, mutane ko'ina mutane ne. Kwana huɗu na yi ina tafiya kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na fara gaya wa kaina ashe shawarata ba ta ɓaci ba, jinkiri kawai aka yi.

A rana ta biyar ɗan Sudan ɗin ya kira. Ya ce sun kai takardar yafiyar kotu, an karɓa, an cire kason tsohon. Amma kaso mafi girma ba na tsohon ba ne. Shi tsohon yana da tasa inshorar ta lafiya, kamfaninsa ne ya biya asibiti duk watannin nan, da aikin da aka yi masa har sau biyu, kuma kamfanin ne yanzu yake bin Auta. Tsohon ba shi da ikon yafe wannan. Da na gaya wa Kawu, ya tambaya wane ne babba a kamfanin, a ina gidansa yake, wa yake jin maganarsa. Na tambaya. Aka ce babu wani mutum guda, ofis ne, da wasiƙa ake yi musu magana. Mun sa an rubuta wasiƙar. Sun amsa da layi uku cewa sun samu, kuma hukuncin kotu yana nan.

Ranar da zan gaya wa Inna, da hantsi ne, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na tsuguna na gaya mata cewa yafiyar ba ta buɗe masa hanya ba. Ta daɗe ba ta gane ba, tana ta maimaita cewa ai mai haƙƙin ya yafe. Sai na ga in na tsaya a nan zan bar ta tana jin haushin Larabawa har ta mutu. Na gaya mata sauran. Na ce akwai takardar da za ta hana duk wannan, an nuna masa, an ba shi shawara ya yi, ni na hana shi.

Ta ce, "Ya tambaye ka?"

Na ce, "Ya tambaye ni, Inna."

"Ba ka sani ba ne, ko ka sani?"

"An gaya mini. Ni na ƙi ji."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na jira ta zage ni, na jira ta yi mini baki, da na fi samun sauƙi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da zai tafi ni na kira shi ɗaki, na ce duk abin da zai yi a can kada ya yi sai ya tambayi yayansa."

Har yau tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka in na kawo cefane. Ta daina tambayar yaushe zai dawo.

Watan jiya surukinsa na Bebeji ya aiko. Mutumin kirki ne, shekara uku bai ce uffan ba. Ya ce ba matsawa yake yi ba, yana so ne kawai a gaya masa gaskiyar lokaci, domin yarinya ce, ƙannenta biyu sun yi aure har sun haihu. Ita da aka tambaye ta, ta ce za ta jira. Na kira Auta na gaya masa duka biyun, na ce ya ƙara haƙuri, muna nan muna neman hanya. Ya tambaye ni wace hanya. Ya ce shi ya je wurin lauyan taimako, ya lissafa masa, da abin da yake samu a wankin mota ko shekara goma sha biyar ba za ta isa ba. Ya ce ba zai ajiye 'yar mutane tana share ɗakin da babu kowa ba. Ya ce zai turo saƙo, in kai Bebeji da kaina, kada in saurara a hanya.

Na je ranar Asabar. Surukin ya kira maƙwabtansa biyu, muka zauna a zaure, aka gaisa. Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma na danna. Muryar Auta ta fito, da ƙarar motoci a bayansa. Ya gaishe da surukinsa yana kiransa Baba, ya gode masa, ya nemi gafara. Ya ce ya saki matarsa saki ɗaya, ba don ta yi masa laifin komai ba, kuma duk abin da ke ɗakin nata ne har da wanda shi ya saya. Daga ƙarshe ya ce kada a ga laifin kowa a gidansu, shi ya hau keken.

Surukin ya share ido da bakin rigarsa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce Allah ya saka wa wannan yaro, ya juyo ya ce mini lallai mun iya tarbiyya, Allah ya bar zumunci irin namu. Na ce amin.

Da na dawo na tarar da Inna a ƙofar ɗakin Auta, yarinyar tana ciki tana naɗe labule. Inna ta tambaye ni ko an karɓa, na ce an karɓa. Ta ce in nemo motar da za ta kwashe kayan ranar Litinin, in an gama in sayo kwaɗo in rufe ɗakin, in riƙe makullin a wurina, ita ba ta so.